Istigfari Goma Sha Huɗu

Da aka biyo ni lekwal, wato makaranta, aka ce in taho gida Tsoho ya rasu, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Wane tsohon?" Allah Ya sani ba da rashin kunya na faɗa ba. Unguwarmu a Madarunfa tana da tsofaffin da tun ina goye ake cewa sun kusa. Akwai wanda aka taru a kansa har sau uku, duk sa'ad da mata suka gyara murya za su yi kuka sai ya buɗe ido ya nemi fura. Amma kakana, mahaifin babana, wanda kowa har 'ya'yansa ke ce wa Tsoho, ba ya cikin waɗannan. Da safiyar ranar ya ƙwace mini ƙosai biyu, ya ce ladan tarbiyya ne. A ganina, mutumin da zai mutu kafin azahar ba ya ƙwacen ƙosai.

A garejinsa aka same shi, ƙarƙashin bishiyar bedi, zaune a kan tsohuwar tayar da ya mayar kujera. Butarsa tana tsakanin ƙafafunsa, tasbaha a hannu. Mai shayi ya gaishe shi sau biyu bai amsa ba, ya wuce abinsa, don kowa ya san ba a katse Tsoho in yana ƙirga. Sai da inuwa ta gusa, rana ta hau kansa bai matsa ba, sannan aka taɓa shi.

Goggo, ƙanwar Baba, ta iso daga Gabi a kan kabu-kabu da takalmi ƙafa ɗaya, ba ta lura ba sai la'asar. Ba abin da take maimaitawa sai, "Jiya fa muka yi waya! Daddawa ya ce in aiko mishi!" Direbobi suka jera kamiyo, manyan motocinsu na kaya, tun daga ƙofar gidanmu, na rantse ta ƙarshen tana Katsina. Wani ƙato daga Ɗan Issa, faɗinsa kamar rumbu, ya durƙusa yana kuka yana cewa, "Wa zai saurari motata yanzu?" Sai wani tsoho Kirista daga Maradi, wanda suka koyi aikin makanisiye, gyaran mota, tare da Tsoho tun suna samari, ya zauna bakin tabarma ya cire hula. Ya ce, "Sau uku ya zo wurina cikin kwanakin nan. Ban ga ciwo a jikinshi ba, gardama kawai na gani." Ba wanda ya tambaye shi abin da ya kai Tsoho Maradi. Hankalin kowa ba ya jikinsa.

Mutum ɗaya ne bai yi kuka ba: Baba. In an ce masa "Ya haƙuri?" sai ya ce "Da godiya," idonsa a bushe kamar gulbi da rani. Tuwo ya zo ya koma, fura ta zo ta koma. Baƙi suka yi ta yaba ƙarfin zuciyarsa. Mu 'yan gida mun san ba ƙarfin zuciya ba ne. Kwana goma sha ɗaya ke nan rabon da magana ta haɗa shi da Tsoho in ban da gaisuwa, kuma Baba ya sa a ransa cewa ubansa ya tafi kabari yana fushi da shi.

Goggo ce ta ce tunda bakina ba ya rufuwa, in zuba shi a takarda ko ya yi amfani sau ɗaya. To ga shi.

Tsoho makanisiyen manyan motoci ne masu shan gazuwal. Bai yi lekwal ba, amma in kamiyo ta wuce a titi yana cin tuwo, zai ajiye loma ya ce, "Waccan ƙishirwa take ji." Bayan kwana biyu sai ka ga mai ita ya zo yana sosa ƙeya. Abin da ya fi shahara a kai shi ne ƙaramin famfo. Ni ma da ban san mota tana da famfo biyu ba sai da ya cika mini kunne. Akwai babba, mai raba wa inji mai. Akwai ƙarami, wanda ke janyo gazuwal daga tanki ya miƙa wa babban. Tsoho yana kiran ƙaramin mai guga. Yakan ce, "Kowa babban famfo yake yi wa fadanci. In mai guga ya yi lalaci a bakin rijiya, mi mai rabo zai raba?"

A wurinsa, abin da mai guga zai kawo kashi uku ne: wanda inji zai sha, wanda zai sanyaya babban famfo ya shafe masa ciki kada ya cinye kansa, da ragowar da za ta koma tanki. In direba ya ce ragowar ɓarna ce, sai Tsoho ya ce, "Gidan da tuwo ba ya kwana, wani bai ƙoshi ba."

Da buta yake awo. Tsohuwar butar ƙarfe ce, ta lotse a gefe, ba a taɓa zuba mata ruwa ba sai gazuwal. Wani baƙo ya taɓa ɗaukarta ya yi alwala cikin rashin sani. Sati guda sauro bai sauka a jikinsa ba, kuma ko ashana aka ƙyasta kusa da shi sai mutane su watse. Yadda Tsoho ke yi, sai ya cire tiyon da ya fito daga filtir ya zura a butar, ya ce a kunna famfo, shi kuma ya fara jan tasbaha yana istigfari. Inda butar ta cika, nan ne awon. Kamiyo ta yau da kullum, ashirin da ɗaya. In ta wuce haka, mai guga ya gaji. Daga nan ya toshe bakin tiyo da babban yatsa ya ji ƙarfin turi, ya tsiyaya kaɗan a kwalba ya ɗaga ta sama ya ga ko akwai kumfa. In komai ya yi, sai ya dubi direba ya ce, "Ya yi. Ɗaura, Allah Ya tsare hanya." Direbobi sun fi yarda da wannan kalma a kan duk takardun da ke cikin motarsu.

Liman ya taɓa ce masa, "Malam, anya ya dace ana auna gazuwal da istigfari?"

Tsoho ya ce, "Allah gafarta malam, wasu da ƙarya suke aunawa. Ni kuwa ko motar ba ta gyaru ba, na rage zunubi ashirin da ɗaya."

Istigfarinsa kuwa ba irin na kowa ba ne. Yana jan "Astagfirullaaah" kamar mai jawo akuya daga gonar mutane, ya ɗan tsaya, sannan ya sauke "al-azim" a hankali. Duk na biyar sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya ja hanci. Na san wannan sarai domin sana'ata ke nan. Tun ina ƙarama nake kwaikwayon mutane, shi ya sa ya raɗa mini suna Aku. Na iya muryar mushe, malaminmu na lissafi, na iya ta mai tallan kifin tafki, amma Tsoho ne gwanintata. Wata rana na ɗaura rawani da zanen Inna mahaifiyata, na zauna kan turmi da butar alwala, ƙannena suna direbobi. Ina tsakiyar jan hanci sai ga Baba. Ya ɗauki guntun tiyo ya biyo ni, muka zaga rumbu sau bakwai, wasu sun ce tara. Ashe Tsoho yana zaure yana kallo tun farko.

"A ce ma mai kamiyo ya aje tiyon nan," in ji shi. "Yarinyar nan ta fi ni iya ni. Aku, sake daga na biyar, hancin bai fito ba."

Kun ji ya ce "mai kamiyo." Baba ɗan fari ne, kuma Tsoho mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Shekara hamsin bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa duban idonsa ya yi masa magana ba. Ko suna zaune tabarma ɗaya sai ya ce, "Aku, gaya ma ubanki." In ba ni kusa, ya gaya wa bango. Direbobi ɗari sun ji "Ɗaura, Allah Ya tsare hanya" daga bakinsa zuwa kunnensu. Baba kuwa sai dai a ce masa, "Tsoho ya ce ya yi." Iya, kakata mace, ita ma haka take. In Baba ya shigo gaishe ta, sai ta amsa wa ƙofa.

Rigimar ta faro ne daga kamiyon Baba, wadda yake ɗaukar wake da gero daga ƙauyuka zuwa Ɗan Issa. Samarin direbobi suka dame shi da wucewa suna yi masa oda, sai ya kai ta aka buɗe mata babban famfo, aka sa mata turbo babba. Ta dawo tana gurnani, kajin unguwa suka daina ƙwai. In ba kaya, gudu take kamar an ce mata gidansu ya kama wuta. Amma da an loda mata wake ta zo hawan gulbi, sai ta shaƙe, ta yi tari, ta rasa ƙarfi. An ƙara mata ciki, ba a ƙara mata mai guga ba.

Maimakon ya tambayi ubansa, Baba ya tsallaka iyaka ya sayo famfo mai aiki da batir, mafi girma a kantin, yana ƙyalli cikin kwali. Ranar Asabar ce, na kai musu fura gareji, direbobi sun cika inuwar bedi. Tsoho ya juya famfon a hannu, ya sa aka haɗa, ya zura tiyo a buta. Bai kai ga jan hanci na biyu ba. A na bakwai gazuwal ya yi ambaliya har kan takalminsa.

"Aku, gaya ma ubanki wanga ba mai guga ba ne, ruwan Agusta ne. Tiyon motarshi siriri ne kamar tsinken tsire. Wanga zai ja har ya ja iska, ya yi kumfa. Abin da ya yi yawa kuma hanyar komawa tanki ba ta ɗaukarshi, sai ya nemi inda zai fasa."

Na juya na ce, "Baba, wai an ce…"

"Na ji," in ji Baba. "Mai kanti ya ce babu wanda ya kai shi."

"Aku, tambaye shi, in jariri ya ji yunwa, da masaki ake ɗura mishi kunu?"

Direbobi suka fashe da dariya. Ina jin dariyar ce ta ɓata komai. Baba, mai furfura a gemu, ana yi masa dariya a gaban yaran da ya koya wa tuƙi. Sai ya dubi Tsoho kai tsaye, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Tsoho, zamanin buta ya wuce. Yanzu lamba ake dubawa a kwali."

Wurin ya yi tsit, har na ji ƙudan da ke kan furar. Tsoho ya juye gazuwal ɗin a bido, jarkar mai, ya goge butarsa da tsumma ciki da waje, ya saƙale ta a yatsa ya tafi gida. Ko furar bai sha ba, shi da ba ya barin fura ko da ta maƙwabta ce.

Baba ya ɗaura famfonsa. Kwana uku, kafin a kai Ɗan Issa, wani abu ya fashe a jikin babban famfo, gazuwal ya yi ta feshi kamar an yanka rago. Wata kamiyo ce ta jawo ta gida da sarƙa, kuma dole aka bi da ita ta gaban gareji. Tsoho yana zaune kan tayarsa ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Da ya ce "Ai na faɗa," da an huta. Bai ce ba. Kullum da safe Baba zai je ya durƙusa ya gaishe shi, Tsoho ya ce wa bango "Lafiya lau," shi ke nan. Ranar da Tsoho ya rasu, da safe, Baba ya gaya wa Inna cewa bayan azahar zai je ya ba da haƙuri. Har goro ya saya, fari, manya guda biyu. Azahar ɗin da aka yi, da ita aka sallaci Tsoho.

Bayan addu'ar uku Baba ya ce zai sayar da kamiyon ga masu yanka ƙarfe. Baba Ƙarami, ƙanensa, ya yi magiya har muryarsa ta dushe. Baba ya ce, "Motar da ta sa na ɗaga ido na dubi ubana? Ko kyauta a zo a ɗauka." Ya rame, rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa.

Washegarin sadakar bakwai da hantsi, Iya tana ɗakin takaba ta aika a kira ni. Baba yana tsakar gida zaune, bai fi taku biyar da ƙofarta ba. Ta miƙo mini tasbahar Tsoho da wani ɗan makulli, sannan ta ɗaga murya yadda ko mutanen garin Sarkin Yamma za su ji.

"Aku, gaya ma masu kunne. Jan zaren da ke jikin tasbahar nan, a hannuna ya amshe shi. Na ce na mi ne, ya ce awon motar yaron nan ne, ya lissafa abin da sabon cikinta ke ci. Sau uku yana tahiya Maradi da ciwon gwiwa. Mai fushi ba ya hawa mota da ciwon gwiwa. Makullin akwatin gareji ne. Ni ban ce da kowa komai ba, da ke nake."

Na duba. An ƙulla jan zare a bayan ƙwaya ta goma sha huɗu.

Baba ya miƙe kamar wanda kunama ta harba. Muka ɗunguma gareji, da Baba Ƙarami, da Liman, da tsohon nan na Maradi da ya sake zuwa don bakwai. A cikin akwatin akwai famfo uku naɗe cikin tsohon zane, da tiyo mai kauri a nannaɗe. Tsohon Maradi ya ce, "Daga shagona ya ɗauko su, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce sai buta ta zaɓa." Amma wanne buta ta zaɓa? Tsoho ba ya rubutu, kuma ba a tambayar kabari.

Baba Ƙarami ya ce abu mai sauƙi, a auna. Ya karɓi tasbaha, aka kunna na farko. Shi kuwa istigfarinsa irin na direban da fasinja ke jira ne, kafin buta ta kai rabi ya zaga tasbahar ya dawo. A awonsa duk famfunan uku ragwaye ne. Liman ya ce a ba shi. Shi kuma ya bi kowane harafi ya ba shi haƙƙinsa har da kyauta, yana na shida gazuwal na zuba a ƙasa. A awonsa duk ukun ambaliya ne. Wani ya ce a duba agogon waya. Baba Ƙarami ya ce, "A duba mi? Wa ya san sakan nawa ne sha huɗun Tsoho?"

Tsohon Maradi ya girgiza kai. "Ni ba a istigfarinku nake ba, amma shekara hamsin ina jin nashi. Wallahi duk cikinku ba wanda ya kama hanya."

Ga buta, ga tasbaha, ga zare, amma ma'aunin na cikin maƙogwaron da aka rufe da ƙasa kwana takwas da suka wuce. Sai na ga Baba ya juyo yana dubana. Mutumin da ya zaga rumbu da ni saboda wannan abu.

"Aku," ya ce. Bai taɓa kirana da sunan nan ba. "Zo ki zauna."

Na zauna kan tayar. Karo na farko a rayuwata bakina ya ƙi buɗewa. Tasbahar tana warin gazuwal da taba, warin hannunsa. Na rufe ido, na sa buta tsakanin ƙafafuna, na ce a kunna. Sai muryar Tsoho ta fito daga bakina. Na ja akuyar daga gona, na tsaya, na sauke. A na biyar na yi gyaran murya sau biyu, na ja hanci. Na ji Baba Ƙarami ya ce "La'ilaha illallahu" can ƙasa-ƙasa.

Na farko, yatsana ya wuce zare, buta ba ta cika ba sai a sha tara. Na biyu ya cika ta a sha ɗaya. Aka haɗa na uku, wani baƙi marar ƙyalli, da ni ce a kanti ko kallonsa ba zan yi ba. Biyar, na ja hanci. Goma, na ja hanci. Sha ɗaya. Sha biyu. Sha uku. Yatsana ya taɓa zare, na buɗe ido. Gazuwal ya tsaya daidai wuyan buta, ko ɗigo bai zuba ba.

Ban shirya abin da ya biyo baya ba, na rantse. Wasan nawa kullum da shi yake ƙarewa, bakina ya saba. Na ɗaga kai, Baba ne tsaye a gabana, na dubi tsakiyar idonsa, muryar Tsoho ta ce, "Ya yi. Ɗaura, Allah Ya tsare hanya."

Baba ya durƙusa a cikin ƙasar nan mai baƙin mai. Ya ce, "To, Baba." Sannan kukan kwana takwas ya zo gaba ɗaya. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Liman ma juya baya ya yi yana gyara rawanin da bai kwance ba.

Da ya natsu, ya sa hannu a aljihu ya fito da goron nan biyu, sun bushe sun yi ja. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Amshi. Nashi ne." Ban taɓa cin abu mai ɗaci irinsa ba, amma na cinye tas, don na san Tsoho ba ya mayar da goro.

Kamiyo ta koma hanya da baƙin famfon da tiyo mai kauri. Tana hawan gulbi da wake ba ta ko tari. Butar tana rataye a gareji, kuma Baba ya hana kowa taɓa ta sai ni. Ni kuma na daina yin muryar Tsoho don dariya. Na gwada sau ɗaya, ƙannena suka ƙi dariya, ni ma na ƙi.

Ranar jana'iza Liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Ban iya magana ba a ranar, don haka bari in faɗa a nan. Tsoho, ƙosai biyun nan na yafe, duniya da lahira. Ya Allah, istigfarin da bawan nan naKa ya yi a bakin buta, na motocin mutane da na motar ɗansa, kada Ka bar ko ɗaya ya zube a ƙasa. Ka cika masa ma'auninsa har wuya.